Ƙera Ƙaramin Taragon Gumagumai da Yadda Ake Tsufar da Shi

Da zarar an gama girbi a Gwiwa da Roni da 'Yankwashi na ƙasar Kazaure, kara ya zube a gonaki, hannun yara ba ya zama haka nan. Da reza da sillen kara da guntun tsohon silifas za ka ga an tayar da tirela har da madubin gefe da lambar mota. Gwaninta ce ta gaske, ita nake so mu ɗauka mu ƙara mata abu biyu da ba ta saba da su ba, wato awo da tsufa. Abin da za mu ƙera shi ne taragon jirgin ƙasa, irin buɗaɗɗen nan marar bango da rufi, ɗauke da gumagumai an ɗaure su da sarƙa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, reshen Nguru kuma da aka kammala a 1930 ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya bar ƙasar Kazaure a gefe. Sai a watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ya karɓi aikinsa, ya kuma biyo ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Ke nan yaron Gwiwa, wanda kakansa sai ya je Kano yake ganin dogo, yanzu dogon ya zo masa maƙwabta. Na zaɓi taragon gumagumai ne saboda shi ya fi sauƙin gini ga mai farawa, kayan da zai ɗauka ba sai an saya ba, kuma babu taragon da ya kai shi koya wa ido lura.

Awo kafin yanka

Masu wannan sana'a a Turai da Amurka suna aiki ne da ƙayyadadden ma'auni. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fara fito da tsayayyun faɗin dogon wasa a 1891, yau kuma ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1 bisa 87, wanda da shi aka gina yawancin katafaren gidan kallon nan na Miniatur Wunderland da aka buɗe a Hambug a 2001. Wannan ma'auni ya yi mana ƙanƙanta, sai da kayan kanti. Mu 1 bisa 30 za mu ɗauka, kuma dalilin yana cikin kwandon shara: marfin robar lemo faɗinsa kusan santimita 3 ne, in ka ninka sau 30 ya ba ka ƙafar tarago mai santimita 90, wadda ba ta yi nisa da ta gaske ba. Daga ƙafa sauran lissafi yake tashi.

Duk abin da ka auna a jikin na gaske, ka raba shi gida 30. Tarago mai tsawon mita 12 da faɗin mita 2.7 zai dawo santimita 40 da santimita 9. Tsohon dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, wato santimita 3 da rabi da ɗan ɗoriya a wurinka. Sabon na Maraɗi milimita 1,435 ne, wato santimita 4.8. Ka zaɓi ɗaya tun yanzu. Ni tsohon nake ba da shawara, don shi ne tsatsa da ƙura za su dace da shi. Sannan ka yanka ɗan kara mai tsayin santimita 5.7 ka ajiye kusa da kai, shi ne tsayin mutum a wannan ma'auni. Duk abin da ka yi shakkar girmansa, ka tsayar da karan a gefensa. Sarƙar da kowane zobenta ya kai tafin hannun wannan mutum ta yi kauri.

Kayan aiki ba su da yawa: rula, fensir, sabuwar reza, ƙaramin zarto, filaya, samfefa, farin gam na kafinta irin su Top Bond, da ɗan gam mai kamawa nan take. Ragowar katako kuwa, kowane kafinta a Kazaure ko Babura yana da tulinsa a ƙarƙashin benci. In da yaro a aikin, babba ya riƙe reza da gwangwani da gam mai kamawa nan take.

Gangar jiki da ƙafafu

Ka fitar da dogayen sanduna biyu na katako, santimita 40 kowanne, kauri santimita 1. Su ne gefunan tarago. Ka haɗa su da gajeru guda biyar ko shida a gicciye, biyu a kawuna, biyu masu ɗan faɗi a nisan santimita 6 daga kowane kai, sauran a tsakiya. Ka yi haɗin a kan gilashi ko tayil, ka danne da dutse ya kwana. Idan wannan ƙashin ya murɗe ko kaɗan, ƙafa ɗaya za ta riƙa rataye a iska, kuma babu fentin da zai ɓoye hakan. Sillen kara ma yana yi in babu katako, sai dai a zaɓi busasshe miƙaƙƙe a shafe shi da gam, don gara da danshin damina ba sa raga masa.

Daben sama shi ne wurin haƙuri. Ana iya yanka falle ɗaya na siririn katako a tsaga masa layuka da ƙusa, amma bai taɓa kai wanda aka jera falanki ɗai-ɗai kyau ba. Tsinken askirim faɗinsa santimita 1 ne. Ka tsaga shi biyu, ka yanka santimita 9, ka sami falanki biyu. Tsinke 40 zai rufe taragon. Kada ka manna su tukuna, sai an rina, don duk inda gam ya taɓa katako rini ba ya shiga, sai ka tarar da fararen tabo ko'ina.

Taragon irin wannan yana tafiya ne a kan ƙananan kekuna biyu masu ƙafa huɗu-huɗu, waɗanda ma'aikatan reluwe ke kira bogi, kuma kowanne yana juyawa a kan ƙusa ɗaya don jirgi ya iya shan kwana. Ga kowane bogi ka yanka ɗan katako, ka manna masa guntayen bututun biro biyu a gicciye ta ƙasa, tazarar santimita 5 da rabi. Cikinsu aksul zai shiga, wato sandar da ke riƙe ƙafafu biyu, wanda za ka yanko daga wayar ƙafar keke. Marfin roba kuwa, huda shi a tsakiya daidai ita ce matsalar. Ka duba bayansa, yawanci akwai ɗan ɗigo da injin ya bari a cibiyarsa, nan za ka sa ƙusa mai zafi. Ka goge tsagin gefen marfin da samfefa ya yi sumul, ka cika cikinsa da guntun silifas don ya riƙe waya, sannan ka manna masa faifan roba ko gwangwani mai faɗin santimita 3.4 ta ɓangaren ciki. Wannan leɓen shi ke hana jirgi sauka daga dogo, kuma shi ne farkon abin da mai lura zai duba ya san tarago ne ba tirela ba. A waje da ƙafafun ka manna gefen bogi na kwali mai kauri, da ɗan akwati a saitin kowane aksul, da 'yan murɗaɗɗun wayoyi a tsakiya a matsayin sifirin.

Saura ƙugiya ɗaya a tsakiyar kowane kai, da matakala ta lanƙwasasshiyar waya a kusurwa, da turaku. Turakun su ne sandunan da ke tare gumagumai kada su mirgino: tsinken tsire mai santimita 5, biyar a kowane gefe, kowanne a cikin ɗan aljihun gwangwani da aka manna a gefen tarago. Ka manna noti biyu ko uku na ƙarfe a ƙarƙashin dabe don nauyi ya zauna ƙasa.

Gumagumai

Nan aiki yake yin daɗi, nan kuma aka fi yin kuskure. Ba kowane reshe ne yake kama da gungume ba. Itacen da ake sarewa a kurmin Kudu, irin su loko da maɗacin kurmi, waɗanda katakonsu ke cika kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, jikinsu miƙe yake mita da yawa kafin reshe na farko. Saboda haka kana neman sanda miƙaƙƙiya, marar gaɓa da ƙulli, mai kaurin santimita 1 da rabi zuwa 3, wato gungume mai faɗin santimita 45 zuwa 90. Abin da ya fi miƙewa muhimmanci shi ne ɓawo. Tsagar ɓawo mai zurfin rabin santimita, in ka ninka ta sau 30, ta zama rami da hannu zai shige. Ka nemi ɓawo mai ƙananan zane. Sabara tana ba da toka-toka mai laushin gani, ga ta ko'ina a gonakinmu. Kalgo yana ba da mai kaushi da zare-zare. Darbejiya ta fi su miƙewa, kuma cikinta ja-ja ne idan reshen ya ƙosa. Tumfafiya ba ta yi, cikinta fanko ne. Ka haɗa iri biyu, kada su wuce haka, don mai lodi ba ya tara itacen duniya a tarago ɗaya.

Busasshe za ka tsinto, ko ka zaɓa daga itacen girki. Ɗanye yana motsewa ɓawonsa ya saɓule bayan ka gama wahala, ban da cewa a ƙasar da hamada ke matsowa bai kamata a sari itace mai rai saboda wasa ba. Busasshen kuma sau da yawa da ƙwaro a ciki, sai bayan wata biyu ka ga gari yana zubowa a kan dabe. Maganinsa irin na mai suyar gyaɗa ne: a zafafa yashi a kasko, a sauke, a binne sandunan a ciki har ya huce. Kada a bar su kan wuta, za su babbake.

Ka yanka da zarto a hankali, kana juya sandar don kada ɓawo ya tsage. Tsawon santimita 18 zai ba ka tuli biyu a kan taragon, santimita 36 kuma tuli ɗaya. Kada tsawonsu ya zo daidai cif, ka bar bambancin rabin santimita zuwa ɗaya. Bakin yankan ka goge shi da samfefa har zoben shekaru ya fito, sannan ka sa reza ka tsaga layi biyu ko uku daga cibiya zuwa gefe, irin tsagewar da gungume ke yi in rana ta buge shi. Jami'an gandun daji suna buga hatimi da guduma a bakin gungumen da aka ba da izinin sarewa, 'yan kasuwa kuma suna rubuta lamba da fenti. Ɗigon jan fenti ko fari da bakin allura ya wadatar. A 'yan wurare ka kankare ɓawo, inda aka ja gungumen a ƙasa ko sarƙa ta ci shi, ka adana ɓarɓashin, za a neme shi.

Wajen lodi manya ne a ƙasa, kowane na sama ya zauna a kwarin da ke tsakanin biyu na ƙarƙashinsa. Kowane gungume yana da gindi mai kauri da kai siriri, sai a riƙa juya su, wannan gindi gabas wancan yamma, don tulin ya daidaita. Kada ya zarce tsayin turaku da yawa. In ka ga nauyi zai yi yawa, waɗanda ke ɓoye a tsakiya ka sa kara, ka toshe bakinsa da ɗan yankan itace na gaske. Ka haɗa tulin a waje ya bushe, kada ka manna shi a tarago sai an gama fenti. Sarƙa kuwa, tsohuwar sarƙar wuya mai araha wadda ta koɗe ita ta fi, in dai zobenta ƙanana ne. Biyu a kowane tuli, a ja su su ɗame. Sakakkiyar sarƙa tana sa gungume ya zama tsinke a ido.

Tsufa

Wani Ba'amurke mai suna John Allen, wanda ya rasu a 1973, yana cikin waɗanda suka fara nuna wa masu wannan sha'awa cewa jirgin da ke ƙyalli kamar yau aka sauke shi daga kanti ba ya kama da jirgi. Amma tsufarwa ba ɓata abu ba ne da datti. Kowane tabo a jikin tarago akwai abin da ya jawo shi, kuma aikinka shi ne ka san dalilin kafin ka sa tabon. Ruwa yana gangarowa ne daga sama, don haka zanen tsatsa a tsaye yake sauka daga kan noti da aljihun turke. Ƙafa tana watso ƙasa sama, don haka jar ƙasa ta fi yawa a bogi da ƙasan gefe. Inda ƙarfe ke gogar ƙarfe ba ya tsatsa, sheƙi yake. In ka sami zuwa tashar Kano, ka nemi izini ka tsaya gaban tsohon tarago da littafi da fensir. In ba hali, tsohuwar tirelar katako ko amalanken shanu za su koya maka rabin darasin.

Ka fara da falankan dabe. Katakon da ya sha rana da ruwa toka-toka yake komawa, kuma dukawanmu sun daɗe da sanin sirrin: ƙarfe in ya haɗu da bagaruwa baƙi yake bayarwa, shi ne tushen kulokon da suke rina fata da shi. Ka jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya a ruwan khal kwana biyu ko uku a kwalbar da ba a toshe ba, don yana fitar da iska. A gefe ka jiƙa bagaruwa kaɗan, ko ka dafa shayi mai kauri. Ka shafa wa falanki ruwan bagaruwa, ya sha iska, ka bi da ruwan ƙarfen. A gaban idonka zai rine. Ka gwada a guntu tukuna, don bagaruwa tana da ƙarfi, in ta yi yawa baƙi ƙirin za ka samu, sai ka ƙara mata ruwa. Ka raba falankan kashi uku, wasu su sha sau ɗaya, wasu sau biyu, biyu ko uku kuma ka bar su kusan farare a matsayin waɗanda aka canja kwanan nan. Ka gauraya su ka manna. Ka karya bakin ɗaya, ka karce wasu da ƙusa ta inda aka ja kaya.

Sassan da ke matsayin ƙarfe ka shafa musu jan fentin nan da masu walda ke sa wa ƙofa kafin fenti na gaske, ka gauraya shi da ɗan baƙi ya yi duhu. Ƙyalli shi ne abokin gaba, sai ka zuba 'yar hoda ko tankaɗaɗɗiyar toka a cikin fentin ta kashe shi. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Bayan ya bushe sarai, ka rubuta lambar tarago da farin fenti, ka ɗan goge ta da samfefa ta koɗe. Sannan ka tsinko ɗan guntun soson katifa, ka taɓa fenti mai ruwan ƙasa mai duhu, ka goge kusan dukkansa a takarda, ka riƙa dangwalawa a kusurwoyi da bakin gefe da jikin turaku ta ciki. Wannan shi ne fentin da ya ɓamɓare.

Sai wankin duhu. Tawadar allo, wadda ake yi da gawayi da ƙaro, ta dace da wannan aiki ƙwarai. Ka tsinka ta da ruwa sosai, ka ɗiga ɗan ruwan sabulu don ta bi lungu maimakon ta taru ƙwallo-ƙwallo, ka shafa ko'ina, ka goge saman da tsumma mai danshi. Abin da ya rage a tsakanin falankai da gindin noti shi ke fito da zurfin aikin.

Tsatsa ba sai an kwaikwaye ta ba. Ka kankaro ta gaske daga tsohon kwano ko langa-langa, ka niƙa ta yi laushi, ka kwaɓa da ruwan ƙaro kaɗan. Jigawa gidan ƙaro ce, ba za ka rasa ba. Ka ɗiga ɗan ƙanƙani a ƙasan aljihun turke, ka ja shi ƙasa da burushi mai danshi sau ɗaya, ka ɗauke hannu. Ka lura tsatsa kala biyu ce, sabuwa ruwan lemo, tsohuwa kusan baƙa, kuma tsohuwar ta fi yawa. Ƙaro in ya yi yawa yana sheƙi idan ya bushe, don haka a sassauta.

Ƙura ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce za ta faɗi a wace ƙasa taragon yake tafiya. Mai yin irin wannan a Ingila baƙin hayaƙi da danshi yake sa wa nasa. Namu ya taso daga Kudu da tsatsar ruwan sama, ya shigo Arewa ƙura ta rufe shi. Ka tankaɗe jar ƙasa da tsohon ɗankwali, ka shafa ta a bushe da burushi mai laushi a bogi da ƙafafu da ƙasan gefe, kana bi daga ƙasa zuwa sama. Ta sama kuwa daban ce. Ƙurar hunturu, wadda iska ke ɗebowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, fara-fara ce kuma ta fi kowace rariya laushi. Ka share ta daga bakin taga a watan Janairu ka adana a kwalba. Ita za ka barbaɗa a kan dabe da bayan gumagumai na sama, ka hure abin da bai kama ba. Bakin yankan gumagumai kada ka taɓa shi da yawa, haskensa ne ke nuna ba a daɗe da sare su ba, kuma sabon kaya a kan tsohon tarago shi ne abin da ido ya fi yarda da shi.

Yanzu ka manna tulin, ka ɗaure sarƙar bayan ka gifta ta a harshen kyandir ta yi baƙi, ka watsa ɓarɓashin ɓawon nan a gindin turaku da ƙarƙashin kaya. Ka goga bakin fensir a inda ƙafa ke taka dogo, da kan matakala, da bakin ƙugiya, su yi sheƙin ƙarfe. A akwatunan aksul ka ɗiga baƙin fentin mai, nan kaɗai aka yarda da ƙyalli, don maiko ne. Bayan kowane mataki ka ja da baya taku uku ka duba, ko ka ɗauki hoto da waya a hasken safe kana durƙushe daidai tsayin ɗan karan nan naka. Hoto yana tona abin da ido ya saba da shi. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce wahala, don haka in ka ji zuciyarka ta ce saura kaɗan, ka bari sai gobe.

Ƙaro da tawada suna narkewa in sun ji ruwa. Don kada damina ta ɓata aikin, ka tsinka farin gam, kashi ɗaya gam kashi biyar ruwa, ka fesa daga nesa da tsohuwar kwalbar turare, sama-sama. Zai ɗan rage hasken ƙurar, sai ka ƙara kaɗan bayan ya bushe.

Tarago yana son dogon da zai tsaya a kai. Falanki mai santimita 60 ya isa. Ka jera matasan dogo, wato sandunan gicciye da dogo ke kwanciya a kansu, a tazarar santimita 2, ka yi musu launin tsatsa in tsohon layi kake nufi, don yawancin nasa na ƙarfe ne, ko launin siminti in sabo ne. Dogon kansa ka yi shi da siririn alminiyon na masu haɗa taga, ka auna faɗin da ƙafafun taragon kafin gam ya kama. Tsakuwar ƙarƙashi kada ta wuce milimita 2, wato yashi mai tsakuwa da aka tankaɗe sau biyu, a zuba a bushe, a daidaita da burushi, a ɗiɗɗiga masa ruwan gam ya kwana. In ba a kallonsa, ka rufe shi da kwali mai tsabta, ka sa ƙwayar kafur ɗaya a ciki saboda ƙwari, ka ɗora a kan kanta nesa da bangon ƙasa.